Dalilin da Ya Sa Mazan Kwarin Zalɓe Suke da Jan Hannu

Dalilin da ya sa hannuwan iyayenku maza suke rinewa ja har gwiwar hannu duk farkon damina ya faro ne ranar Laraba, tara ga watan Sha'aban, washegarin ruwan shuka, a tsakiyar kasuwar Tsaunin Kirya. A ranar ce kuma aka fara ci wa mutanen Kwarin Zalɓe mutuncin da har yanzu ba a wanke ba. Laraba ce, yara, ba Alhamis ba. Masu cewa Alhamis ba su san ranar da kasuwar take ci a wancan zamani ba. Ku gyara zama, ku bar tsokanar juna. Labarin gidanku ne, kuma gobe in yaran Tsauni suka tare ku da waƙa a hanyar makaranta, ku san abin da ake magana a kai.

A da can, hannun namijin Kwarin Zalɓe kamar na kowane manomi yake, baƙi, mai kanta, mai tsagewa da rani. Shinkafa ita ce abincin garin, ita ce suturarsa, da ita ake aure, da ita ake suna. Garin kuma yana da wata al'ada: ba mai ajiye irin shinkafa a gidansa. Kakanni sun lura cewa in yunwa ta matsa, uwa ba za ta iya kallon ɗanta yana kuka ba alhali ga iri a tukunya. Don haka suka ware gona guda a bakin rafi, suka kira ta gonar iri. Mutum ɗaya ne yake noma ta, ya zaɓi zangarniya mafi nauyi, ya adana a rumbu na musamman, in ruwa ya sauka ya raba wa kowa. Ana ce masa Mai-iri.

Mai-irin wancan lokaci sunansa Arzika. Dogo ne, mai gemu, mai riƙon amana, kuma mai taurin kan da ko jaki ya sallama masa.

A zamaninsa ne cuta ta shigo fadama. Takan fara da ɗigo-ɗigo a ganye, tsakiyarsu toka-toka, gefensu ruwan ƙasa. Daga nan sai ta hau sama ta kama wuyan zangarniya, wuyan ya yi baƙi ya karye, zangarniyar ta rataye fara fat, ba ƙwaya a ciki. Irin fumfuna ce, 'yar'uwar wadda kuke gani a kan tuwon da ya kwana biyu, sai dai wannan shinkafa take ci tun tana tsaye, kuma tana iya ɓuya a jikin iri ta jira wata daminar. Mutanen lokacin ba su san haka ba. Suna kawai suka sa mata: Karya-wuya.

Ta cinye damina ɗaya, ta dawo ta cinye ta biyu. Mutane suka koma tonon bado a tafki da kamun kifi. Abin da ya rage a rumbun iri bai isa a raba ba. Sai Maigari Nomau ya tara jama'a a ƙofar gidansa, ya ce, “Bana ba mai samun iri. Abin da ya rage duka za a zuba shi a gonar iri. In ya yi, baɗi kowa ya shuka. In Karya-wuya ta cinye shi, to zamanmu a kwarin nan ya ƙare, kowa ya nemi inda danginsa suke.”

Ya juya ya dubi Arzika. “Mai-iri, garin yana hannunka.”

“Yana hannun Allah, ranka ya daɗe,” in ji Arzika. “Amma zan yi nawa.”

Ranar Talata da sassafe aka yi ruwan shuka. Arzika ya buɗe rumbu ya fito da irin. Kafin a yafa shinkafa sai an jiƙa ta, an murza ta da hannu cikin ruwa, waɗanda ba su da ƙwaya su taso sama a kwashe. Ya tattaro duk masakan gidan, ya cika su da ruwan rijiya, suka ɗauke rabin irin. Sauran rabin ba inda za a zuba shi. Maƙwabta kuwa kowa ya tare ruwan sama a tukwanensa, ba mai aro.

Akwai wata babbar kwatarniya a tsakar gida, gadon mahaifiyarsu. Ya leƙa ciki, sai ya ga ruwa kore mai kauri.

Na Gwamma ne, yayarsa. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan mahaifinsu, ta dasa garkar lalle a bayan gida, ita kaɗai ke da ita a garin, ita ce kuma take yi wa amare ƙunshi. Tana zaune bakin ɗakinta tana tsince ganye.

“Yaya,” in ji Arzika, “a zubar da ruwan nan, zan jiƙa iri.”

“Wane ruwa?”

“Na kwatarniya.”

“Ruwa ka gani? Lalle ne. Wuni guda na yi ina daka shi. Jibi za a sa 'yar Sarkin Ruwa a lalle, da ita da ƙawayenta.”

“Gari zai tashi, ke kina ta ƙafar amarya.”

“Garin bai tashi ba tukuna. Amaryar kuwa jibi za ta zauna a gabana, tashi ko ba tashi.”

“Kwatarniyar Inna ce. Ina da rabo a cikinta.”

Gwamma ba ta ko ɗago kai ba. “To ɗauki rabonka. Inda lallena ya tsaya nawa ne. Daga nan zuwa baki, naka ne, ka yi yadda ka ga dama.”

Gatse ta yi masa. Amma Arzika ba ya jin gatse in ransa ya ɓaci. Ya kinkimo buhun ya juye sauran irin cikin kwatarniyar, ya ƙara ruwa har baki, ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannuwansa biyu ya shiga murza. Gwamma ta miƙe tsaye, ƙwaryar ganyen ta faɗi.

“Arzika, ka haukace ne?”

“Rabona nake amfani da shi.”

“Ka ɓata min lalle, ka ɓata wa gari iri. Daga yau kada ka ƙara ce min Yaya.”

Ta shige ɗaki ta saki asabari. Shi kuwa tun yana murza da fushi har ya koma murza da tsoro, don ya gane abin da ya aikata. Amma iri ya riga ya shiga, ba a tsame shi a bushe. Ya ci gaba da murza, yana kwashe marasa ƙwaya, har rana ta karkata.

Da gari ya waye ya dubi hannuwansa. Jajaye ne jawur, tun daga farce har gwiwar hannu. Ya goge da toka, ya goge da yashi, ba abin da ya motsa. Ya matsa lemun tsami, sai ma launin ya ƙara kamawa. Ga shi kuma garmarsa tana wajen maƙeri a kasuwar Tsaunin Kirya, can hayin rafi, kuma ba a gyara gona ba garma. Ya sa babbar riga, ya cusa hannuwa ciki, ya tsallaka.

Ya isa rumfar maƙeri lafiya. Maƙerin ya miƙo garma. Ba a karɓar garma da baki, dole ya fito da hannu.

Kusa da maƙera akwai rumfar mahauta, a gabanta kuwa akwai mai kalangunsu, wani siriri mai suna Jatau, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba. Ya ga hannun. Ya tsayar da kiɗa, ya matso, ya sunkuya ya duba kamar mai sayen akuya.

“Mai-iri, barka da arziki. Ba a gaya mana ba. Wane ne angon?”

“Lalle ne ya taɓa ni a wajen aiki,” in ji Arzika.

“Ya taɓa ka? Ai wannan ba taɓawa ba ce, kwana kuka yi tare.”

Sai ya matse kalangu a hammata, ya buga, ya ɗaga murya:

“Amaryar Kwari ta zo kasuwa,
Ga gemu, ga ƙunshi.
Ku ba ta hanya, ku ba ta tabarma,
Garma ce kayan ɗakinta.”

Mahauta suka karɓa. Masu goro suka karɓa. Wata mai fura ta rangaɗa guɗa. Wani ya ciro mayafi daga kan igiyar masu atamfa ya yafa wa Arzika a ka. Mutumin da garinsa duka ya ba shi amanar abincinsa, mutumin da ya kai shekarun haifar rabin masu dariyar, aka raka shi da kiɗa har bakin rafi. A nan ya tsaya. Ya cire mayafin, ya ninke shi, ya ajiye a kan dutse, ya saɓa garmarsa ya shiga ruwa.

Mutanen Tsauni suna cewa wasa ne. Ku riƙe wannan da kyau: babu wasa tsakaninmu da su. Ba taubasanmu ba ne, ba abokan barkwancinmu ba ne, ba mu taɓa ƙulla irin wannan ba. Wasa na mutum biyu ne, kowa ya yi dariya. A ranar, mutum ɗaya bai yi ba.

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Maigari ya sa aka kira shi gaban dattawa.

“Nuna mana,” in ji Maigari.

Ya nuna. Wasu suka kau da kai, kafaɗunsu na rawa. Cindo wanzami bai ma ɓoye ba, ya yi dariya har da riƙe ciki.

“Irin fa?” in ji Maigari.

“Rabi ya sha lalle, ranka ya daɗe.”

Dariya ta ɗauke.

“A zubar da shi,” in ji Cindo. “Wa ya taɓa jin shinkafa da ƙunshi? In ta fito ma, sai dai mu kai ta ɗakin miji.”

Maigari ya ce, “Ba mu da irin zubarwa. A shuka farin a tsakiyar gona inda ƙasa ta fi kyau. Jan kuma a kai shi can gefe, a ja kunya tsakaninsu, kada ya lalata mai kyau. Arzika, in ka kashe garin nan saboda kwatarniya, ni ba zan ce maka komai ba. Kai za ka riƙa gaya wa kanka.”

Haka aka yi. Duka biyun suka tsiro, suka yi kore shar. Arzika kullum yana gona tun kafin raɓa ta bushe. A gida kuwa shi da Gwamma sai dai su wuce juna kamar baƙi a tasha.

Da marka ta kankama, sama ta rufe, ganye ba ya bushewa, sai Karya-wuya ta dawo. A tsakiyar gona ta fara, wajen farin iri, inda ƙasa ta fi kyau. Ɗigo ya zama tabo, tabo ya haɗe da tabo, har wurin ya koma kamar an bi shi da wuta. Mutane suka zo suka gani daga bakin hanya, suka koma gida. Mata suka fara ɗaure tukwane a cikin raga. Wani ya cire ƙyauren ɗakinsa ya jingine, don kada ya bar wa gara.

Arzika ya zauna a kan kunya, ya haɗa kai da gwiwa. Da ya ɗago, idonsa ya faɗa ɗaya gefen, wanda kunya ta hana shi dubawa sosai tun ranar shuka. Ya tashi ya shiga. Ya juya ganye, ya juya wani, ya bi layi har ƙarshe. Kore ne. Sai a bakin kunya kawai, inda ganyen ɓangarorin biyu suke gugar juna, ya ga ɗigon ya fara tsallakowa.

Ya tsaya ya yi tunani. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, iri daga rumbu ɗaya. Abu guda ne ya raba su. Kuma abin nan, mutum ɗaya ce take da shi a garin.

Tafiyar daga gona zuwa ƙofar ɗakin Gwamma ta fi masa ta kasuwa nauyi. Ya tsaya a bakin asabari.

“Salamu alaikum.”

“Wa alaikumus salam. Wa ake nema?”

“Yaya.”

“Ba ta nan. Wani mai rabo a kwatarniya ya kore ta.”

“Yaya, zo ki ga wani abu a gona. In kin gani, ki ci gaba da fushin.”

Sai ta fito tana gyara ɗaurin zane. Ta bi bayansa har suka isa gona. Ta dubi ɓangaren da ya ƙone, ta dubi kore, ta tsinki ganye ta murza a yatsa.

“Wannan ne wanda ka ɓata min lalle da shi?”

“Shi ne.”

“To ai ba abin mamaki ba ne,” in ji ta. “Duk matar da take yawan ƙunshi, ruwa ba ya cin tsakanin yatsun ƙafarta da damina. Abin da ya tsare ƙafa, me zai hana shi tsare shinkafa?”

“Ga ta nan tana tsallakowa ta bakin kunya. Ina so in yayyafa wa ganyen. Duka.”

“Duka gonar nan? Sai an sisiye garkata tas. Ba zan ƙara yi wa kowa ƙunshi ba sai baɗi.”

“Na sani.”

“Kuma in bai yi ba, na rasa lalle, na rasa gari.”

“Na sani, Yaya.”

Ta dube shi sama da ƙasa. “Je ka ɗauko lauje. Kuma wannan karon ni zan kwaɓa, kai ba ka iya ba.”

Suka yanke garkar har ƙasa. Suka daka ganyen, suka jiƙa, suka tace da tsumma. Suka fara tuge shinkafar da ta kamu a bakin kunya suka ƙone ta nesa. Sannan suka shiga gona da ƙwarya da tsintsiya, suna tsomawa suna yayyafawa, layi bayan layi. In ruwan sama ya wanke, su sake. Masu wucewa suka ce yunwa ta taɓa 'yan gidan nan, suna share shinkafa da tsintsiya. Cindo ya tsaya ya tambaya ko za a yi mata kitso ma. Gwamma ta ce ya matso ta fara da shi.

Shinkafa ta yi ciki, ta fitar da kai. Nan ne lokacin da Karya-wuya take yin aikinta, kuma kowa ya san haka. Arzika ya riƙa bin zangarniya yana taɓa wuyanta da yatsa. Wuyan ya tsaya. Zangarniya ta cika, ta yi nauyi, ta sunkuya, sunkuyon ƙoshi ba na karaya ba. Gefen gonar nan da aka raina ya koma ruwan zinariya tun daga kunya har bakin rafi.

Ranar yanka, ba wanda ya zauna a gida. Tsofaffin da ba sa iya tafiya aka goyo su. Aka yanka, aka sussuka, aka sheƙe. Rumbun iri ya cika har aka ari na Maigari. Mata suka kwance tukwane daga raga, mai ƙyaure ya mayar da ƙyaurensa. Maigari Nomau ya ɗebi shinkafar a tafin hannu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ba inda za mu.” Guɗar da aka yi a ranar, an ji ta har hayi.

Da wata daminar ta ƙarato, garkar Gwamma ta sake tofowa, ta ma faɗaɗa ta. Maza suka taru a ƙofar gidan, kowa da rabonsa na iri. Maigari ya yi magana a madadinsu.

“Gwamma, gari na neman lalle.”

“Akwai, ranka ya daɗe. Amma da sharaɗi. Duk mai son lallena, da hannunsa zai murza irinsa.”

Aka dubi juna. Cindo ya yi gyaran murya. “Ai ko da muciya ma za a iya juyawa.”

“Muciya na fasa jiƙaƙƙen iri,” in ji Arzika. “Kuma ba ta jin marar ƙwaya.”

“Ko da tana ji,” in ji Gwamma. “An raka ƙanena da kalangu, ya dawo gida kuka ƙara masa da taku dariyar. Ba zai zama shi kaɗai ne mai jan hannu a garin nan ba. Wanda hannunsa ya fi ƙarfin lalle, cikinsa ma ya fi ƙarfin shinkafa.”

Ba wanda ya motsa. Sai Maigari ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa na kusa da shi, ya durƙusa gaban kwatarniya, ya tsoma hannu biyu.

“Murza sosai, ranka ya daɗe,” in ji Gwamma. “Har ƙasa.”

Bayansa liman, bayan liman Sarkin Ruwa, har aka zo kan Cindo, wanda ya roƙi a bar masa hannun aska. Ba a bar masa ba.

A wannan shekarar fadamar Kwarin Zalɓe ta yi shinkafar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. A hayin rafi kuwa, gonakin Tsaunin Kirya suna tsaye fari fat, wuya a karye.

Da kaka, lallen ya riga ya goge daga hannuwa. Amma ana gobe za a kai shinkafa kasuwar Tsauni, Arzika ya je wajen yayarsa ya ce ta kwaɓa sabo.

“Na me? Ba shuka ake ba.”

“Na zuwa kasuwa.”

Gwamma ta yi dariyar da ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Da sauran maza suka ji, suka zo da kansu, ba wanda ya kira su.

Da hantsi suka tsallaka rafi a jere, jakuna a gaba, hannun riga a naɗe har kafaɗa. Kasuwar da ba ta ga ƙwayar shinkafa ba tun damina ta yi tsit. Suka sauke buhuna a tsakiya, suka kwance, farar shinkafa ta bayyana, jajayen hannuwa suka shiga awo. Masu goro suka shiga layi. Mai furar nan ta shiga layi. Can baya, ga Jatau, ya rame, kalangu a rataye a baya, ƙwarya a hannu. Da layi ya zo kansa ya kasa ɗago ido.

“Jatau,” in ji Arzika, “yau ba kiɗa?”

“Fatar ta saki, Mai-iri.”

“Amarya ce za ta auna maka. Za ka iya ci?”

“Zan ci. Yara ma za su ci.”

Arzika ya cika masa ƙwarya, ya ƙara masa da tafi biyu a kai. Ya ɗan jira, ko zai ji wata kalma. Jatau ya rungume ƙwaryar ya juya.

Kafin damina, maigarin Tsauni ya aiko da goro yana roƙon iri da lalle. Gwamma ta aika masa da sharaɗinta, irin wanda ta gindaya wa mazan garinta. Kun san abin da suka yi? Ranar jiƙa iri, sai ga kwale-kwale cike da mata. Mazan Tsauni sun zauna a gida, sun turo matansu, waɗanda dama hannunsu da lalle. Arzika ya ce a mayar da su. Gwamma ta dubi matan, ta dubi yaran da ke goye a bayansu, ta ce, “Ba su suka yi waƙar ba. Ku shigo.” Ta koya musu yadda ake kwaɓawa, da yadda ake tacewa, da lokacin yayyafi, ta kuma ba su 'ya'yan lalle su dasa.

Shinkafar Tsauni ta tashi. Ciki ya cika. Da ciki ya cika, fatar kalangu ta ɗaure, waƙar ta dawo.

Shi ya sa har yau, in ruwan shuka ya sauka, kowane magidanci a Kwarin Zalɓe yake durƙusawa ya murza irinsa cikin ruwan lalle da hannunsa, ya yi sallah da jan hannu, ya je ɗaurin aure da jan hannu, ba ya ɓoye shi cikin riga. Shi ya sa kuma a Tsaunin Kirya mata ne suke jiƙa iri, maza suna zaune a inuwa da hannu fes, suna koya wa jikokinsu waƙar da ba su san asalinta ba.

To, yara, ku ɗaga kai. Duk tuwon shinkafar da aka tuƙa a hayin can, da lallenmu aka tsare shi. Ba mu ce su dawo da iri ba, mun ba su har abada. Ba mu ce su rina hannu ba, an yafe musu wannan. Abu ɗaya ya rage, kuma ba a yafe shi ba, don ba a taɓa roƙa ba. Ba ma son goro a ɓoye, ba ma son ɗan aike, ba ma son a ce “ai ya wuce.” A bainar jama'a aka yi, a bainar jama'a za a gyara. Maigarin Tsaunin Kirya ya fito da kansa da rana tsaka, ranar da kasuwa ta cika, da dattawansa da makaɗansa. A tsayar da ciniki. A kira sunan Arzika, a kira sunan Gwamma. Sannan ya faɗa da ƙarfi, yadda na bayan rumfa zai ji: “Mutanen Kwarin Zalɓe, mun ci abincinku, mun yi muku dariya. Ku yafe mana.”